Nawa ake biya a kai kilo ɗaya sararin samaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyarwa ne a wata makaranta nan Damagaram. Wani ɗalibina ya ji a rediyo wai kuɗin kai kilo ɗaya na kaya sararin samaniya zai sayi mota. Ya tambaye ni dalili, na ce masa nisa ne da tsadar mai, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini a rai ba. Nawa ne ainihin kuɗin, kuma me ke cinye su?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Yaron ya ji daidai, sai dai motar ta danganta da rokar da aka hau. Zan riƙa ambaton dala, to dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba, kuma zan lissafa kowace ɗaya a kan sefa 600 don sauƙin hisabi.

Kumbon Amurka da ake kira Space Shuttle, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, an ƙiyasta cewa kowane kilo da ya ɗaga ya ci kusan dala 54,500, wato sefa miliyan 32 da ɗoriya. Rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX kuwa, a lokacin da farashinta yake dala miliyan 62, tana iya ɗaukar kilo 22,800, sai kilo ya tashi a kan kimanin dala 2,700, wajen sefa miliyan 1 da jaka 600. Ka ce tiyar gero ɗaya daga kasuwar Dole, mai kilo biyu da rabi, kuɗin motarta kaɗai sefa miliyan 4.

Batun nisa, cire shi daga lissafi. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi ne a tsawon kilomita 400 kacal daga ƙasa, bai ma kai hanyar Damagaram zuwa Agadas ba. Abin da ke da wuya shi ne gudu. Idan ka cilla dutse sama, komai ƙarfinka zai dawo. Kafin abu ya zauna yana kewaya duniya, sai an wurga shi a kaikaice, kamar da majajjawa, da gudun kilomita 7.8 a daƙiƙa ɗaya, ta yadda yana faɗowa, doron ƙasa yana lanƙwashewa yana kauce masa. Da irin wannan gudu, daga nan zuwa Yamai ba za a cika minti biyu ba.

To wannan gudun yana son mai, man kuma yana da nauyi, nauyin kuma yana son ƙarin mai da zai ɗaga shi. Haka abin yake ta ninkuwa har roka ta zama tankin mai da aka ɗora wa ɗan kaya a ka. Falcon 9 idan ta cika tana kai tan 549, kayan da take kaiwa sama kimanin kashi 4 cikin 100 ne kacal na nauyinta. Kusan kashi 90 mai ne. Shi ya sa ake gina roka gaɓa-gaɓa kamar rake: gaɓar da manta ya ƙare a yanke ta a yar, don kada sauran su ci gaba da jan fanko.

Amma duk yawan man nan, kuɗinsa ba wani abu ba ne. Kananzir ne da aka tace sosai, da iskar oksijin da aka sanyaya har ta zama ruwa, kuma duka ba su kai kashi 1 cikin 100 na farashin tafiyar ba. Kuɗin yana cikin abin da ake zubarwa. Ɗauka an sayi sabuwar gingimari, an loda mata gero zuwa Agadas, ana sauke kaya aka cinna mata wuta, gobe kuma a sayo wata. Nawa za a sayar da tiya a can? Shekaru da dama haka roka take, injinan da aka ƙera da ƙarfe na musamman, aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, su yi aiki na ƴan mintuna su faɗa teku. Ga kuma albashin dubban ma'aikata da kula da filin harbawa, waɗanda dole a biya ko an yi tafiya biyu a shekara ko ɗari.

Space Shuttle an yi shi ne don ya magance wannan, yana sauka kamar jirgin sama a sake amfani da shi. Sai gyaransa tsakanin tafiya da tafiya ya zo ya fi ƙarfin aljihu, ga shi tafiya 135 kawai ya yi a shekara 30. SpaceX ce ta fara cin ribar dabarar. A Disambar 2015 ta sauko da gaɓar farko ta Falcon 9 a tsaye kan ƙafafunta, a Maris na 2017 ta sake harba wadda aka taɓa amfani da ita, yanzu kuma akwai gaɓoɓin da suka yi tafiya fiye da 20. A 2024 kaɗai kamfanin ya harba roka sama da 130.

Sai dai Malam, ka gargaɗi yaron kada ya riƙe dala 2,700 ɗin nan kamar farashin kanti. Farashin sari ne, na wanda ya yi shatar mota gaba ɗaya ya cika ta maƙil, kuma ba a dawo da gaɓar farko ba, don saukowar ma tana cin mai, tana rage kayan da za a ɗauka. Mai ƙaramin tauraron ɗan adam kujera yake saya cikin motar haya. A Janairun 2021 an haɗa taurari 143 a roka ɗaya, kuma a 2024 irin kujerar nan ta kama wajen dala 6,000 a kilo, ga shi sai ranar da direba ya ga dama, sai kuma inda motar ta nufa. Wanda ya ƙi jira yana iya shatar ƙaramar roka irin Electron ta kamfanin Rocket Lab, mai ɗaukar kilo 300, wadda a lokacin da farashinta yake kusan dala miliyan 7.5, kilo ya koma dala 25,000. Taurarin sadarwa da na talabijin, waɗanda kwanon da ke kan rufin gidajenmu yake kallo ba ya motsi, suna can kilomita 35,786 ne. A hanyar zuwa can Falcon 9 kilo 8,300 kawai take iya ɗauka, farashin kilo ya kusa ninka uku.

A ganina kuma, sauƙin da aka samu bai isa hannun masu saye duka ba. Farashin da SpaceX ke tallatawa ya tashi daga dala miliyan 62 zuwa kusan 70 a 2024, alhali ita tana ta maimaita roka ɗaya. Ɗan kasuwa ba ya rage kuɗi idan babu mai ja da shi a layi. Mafi yawan ribar tana komawa ga taurarinta na Starlink, waɗanda intanet ɗinsu ya shigo Nijar a 2025. Ariane 6 ta Turai, da ta fara tashi a Yulin 2024 daga Kuru a Kudancin Amurka, kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa roka gudu kyauta, har yanzu yarwa ake yi bayan tafiya ɗaya.

Ga ƙasa irin tamu mai son mallakar tauraro, kuɗin harbawa ɓangare ne kawai na ɗawainiyar. Akwai ƙera tauraron, da tashar da za ta yi magana da shi daga ƙasa, da horar da ma'aikata, da inshora. Maƙwabtanmu sun ga amfanin ta ƙarshen: NigComSat-1 na Najeriya, da aka harba daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwambar 2008 saboda matsalar farantan hasken rana, aka maye shi da wani a Disambar 2011.