Amsa kan endosimbiyosis: shin ya saɓa wa Darwin da Mendel?

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka yi tambaya a kan ra'ayin da ake kira endosimbiyosis, wanda ke cewa mitokondiriya (sashen ƙwayar halitta da ke samar mata da kuzari) da kuloroplas (sashen da tsirrai ke haɗa abinci da shi daga hasken rana) asalinsu bakteriya ne masu zaman kansu, waɗanda wata ƙwayar halitta ta haɗiye suka ci gaba da rayuwa a cikinta. Kana ganin kamar wannan ya saɓa wa ka'idar juyin halitta ta Darwin da dokokin gado na Mendel, har ka ce ya fi kama da maganar Lamarck. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a sakandare a nan Garwa, kuma da wuya in riƙe ajin ƙarshe ba a sami ɗalibin da ya cije a daidai wannan gaɓa ba. Abin da nake gaya musu shi ne babu saɓani, sai dai akwai ƙari a kan abin da Darwin da Mendel suka sani.

Ra'ayin ba sabo ba ne. Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Konstantin Mereschkowski, ya kawo shi game da kuloroplas tun 1905, amma bai karɓu ba sai bayan da Lynn Margulis ta Amurka ta farfaɗo da shi a 1967, kuma hujjoji suka biyo baya. Waɗannan sassa biyu suna da DNA nasu na kansu, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado, wanda ya yi kama da na bakteriya, kuma ƙwayar halitta ba ta ƙera su daga babu, tsofaffin ne ke rabuwa biyu su ba da sababbi. Da aka kwatanta jerin DNA, sai mitokondiriya ta faɗa cikin dangin bakteriyar da ake kira alfa-furotiyobakteriya, kuloroplas kuma cikin dangin bakteriyar da ake kira siyanobakteriya. A wajena wannan kwatancen shi ne ya kashe gardama.

Inda ɗalibai ke rikicewa shi ne suna ɗaukar haɗiyar a matsayin dukan labarin, alhali mafarinsa ce kawai. Ƙwayoyin halitta suna haɗiye bakteriya kullum su narkar da su. Abin da ke buƙatar bayani shi ne dalilin da ya sa wannan zama ya ɗore fiye da shekara biliyan ɗaya, kuma bayanin na Darwin ne: waɗanda zaman ya amfane su sun fi sauran hayayyafa, zuriya bayan zuriya. Cikin wannan dogon lokaci baƙon ya zama ɗan gida, har ya miƙa wa mai gida mafi yawan ƙwayoyin gadonsa. Mitokondiriyar ɗan Adam tana aiki da furotin fiye da 1,000, amma DNA ɗinta, mai harafi 16,569, ƙwayoyin gado 37 kaɗai suka rage a cikinsa, kuma 13 ne daga ciki ke ba da furotin. Sauran umarnin yana cikin cibiyar ƙwayar halitta. Wannan ƙaura a hankali ta faru, ta hanyar ƙananan sauye-sauyen da yanayi ya tace. Abin da endosimbiyosis ya ƙara shi ne cewa sabon abu yana iya shigowa ta haɗuwar zuriya biyu, wato rassan bishiyar halitta ba rabuwa kaɗai suke yi ba, wani lokaci sukan haɗe. Margulis ta so ta mai da wannan babbar hanyar samuwar sababbin jinsuna, ta kuma ce wutsiyar da ƙwayar halitta ke iyo da ita ma daga bakteriya ta fito, amma hujja ba ta goyi bayanta a nan ba, kuma ina jan kunnen ɗalibaina kada su haɗa abin da ya tabbata da abin da bai tabbata ba.

Game da Lamarck, shi cewa ya yi amfani da gaɓa ko barinta yana sauya ta, sauyin kuma ya wuce ga 'ya'ya. A nan kuwa abin da aka samu halitta ce mai DNA nata, mai kwafin kanta, don haka gadonta gadon DNA ne kamar kowane.

Dokokin Mendel kuma sun shafi ƙwayoyin gadon da ke cikin cibiya, inda uwa da uba kowa ke ba da rabi. Mitokondiriya ta wajen uwa take zuwa, domin ƙwan mace ne ke ɗauke da su da yawa, 'yan kaɗan ɗin da maniyyi ke shigowa da su kuma ana lalata su. Shi ya sa cutar da ta samo asali daga DNA na mitokondiriya uwa ke gadar wa 'ya'yanta maza da mata, amma ɗa namiji ba ya wuce da ita ga nasa. Carl Correns, ɗaya daga cikin waɗanda suka sake gano aikin Mendel a 1900, shi ne ya lura a 1909 cewa launin ganyen wani fure yana bin uwa kaɗai, kuma dalilin kuloroplas ne.

Misalin da ya fi shiga kan ɗalibaina, musamman 'ya'yan makiyaya da suka san ɓarnar sammore a tudun Adamawa, shi ne ƙudan tsando. Jini kaɗai yake sha, jini kuma ba shi da isasshen bitamin B, saboda haka yana ɗauke da bakteriya mai suna Wigglesworthia a cikin wasu ƙwayoyin hanjinsa, ita ke samar masa da shi. Uwar ƙudan tana rainon tsutsarta a cikin jikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kama da nono, kuma ta nan bakteriyar ke wucewa ga zuriya. Idan aka kashe bakteriyar da magani, macen takan kasa haihuwa, ita ma bakteriyar ta riga ta zubar da ƙwayoyin gado masu yawa har ba ta iya rayuwa a wajen ƙudan. Idan kana shirya darasi ko jarrabawa, da wannan nake ba ka shawara ka fara, sannan ka koma kan mitokondiriya, domin matakin da ƙudan tsando da bakteriyarsa suke kai a yau yana nuna irin hanyar da mitokondiriya ta bi.