Amsa Ga Ɗana: Me Ya Sa Muke Ware Na Allah Kafin Mu Taɓa Kuɗi?

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Saƙonka ya iso. Ka ce tun kana yaro kake ganin manya suna ware baiko da zakka kafin su taɓa abin da ya shigo hannunsu, yanzu kuma da ka fara samun naka, abin ya tsaya maka a rai. Ka ce dare yakan raba kana lissafi, in ka samu kana son ƙari, in ba ka samu ba gabanka yana faɗuwa. Tambayarka ita ce: wannan al'ada dole ce? Kuma ba ƙara wa mai tunanin gobe nauyi take yi ba?

Ka lura da yadda ka haɗa son ƙari da faɗuwar gaba a numfashi ɗaya? Mutane suna ɗauka haɗama ciwon mai kuɗi ce, damuwa kuwa ta talaka. Buɗe Luka sura 12 ka gani. Wani daga cikin taro ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi. Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya ce a yi hankali da kowace irin haɗama, domin ran mutum ba a yawan kayansa yake ba. Sai ya ba da misalin attajirin da gonarsa ta yi albarka, ya yi shawarar rushe rumbunansa ya gina manya, ya ce wa ransa ya ci, ya sha, ya shaƙata, a daren nan kuwa aka karɓi ransa. Daga nan, a aya 22, ba tare da an canja zance ba, ya juya ga almajiransa, mutanen da suka bar sana'arsu suka bi shi, ya ce kada su damu da abin da za su ci ko su sa. Mai rumbu da mai tagumi ciwo ɗaya ke damunsu. Dukansu sun ɗauka gobe a hannunsu take, ɗaya yana ganin ya riƙe ta, ɗaya yana tsoron ta kuɓuce masa.

Haka aka yi a jeji, a Fitowa 16. Shekara 40 Isra'ilawa suna tsintar manna, abincin da Allah yake sauko musu da shi, kowace safiya, kowa gwargwadon mutanen gidansa, Musa kuma ya hana a kwana da ita sai a rana ta shida. Wasu suka ɓoye, gari ya waye ta yi tsutsotsi tana wari. Waɗannan ba attajirai ba ne, bayi ne da suka fito daga Masar jiya-jiya. Tsoro ne ya sa su tarawa.

To, al'adar da kake tambaya ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Ibrahim ya ba Malkisadik, firist na Allah, kashi ɗaya cikin goma, a Farawa 14. A shari'ar Musa an tsara ta, har Maimaitawar Shari'a 14 ta ce zakkar kowace shekara ta uku a ajiye ta a gari domin Balawe, baƙo, maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi. A Sabon Alkawari, lokacin da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya ce wa Korintiyawa kowa ya ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, ya kuma ce a bayar yadda aka yi niyya a zuciya, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Wajen shekara ta 150, Jastin, wanda daga baya aka kashe saboda bangaskiya a Roma, ya rubuta yadda Kirista suke sujada ranar Lahadi. Ya ce masu hali sukan ba da abin da suka ga dama, a danƙa wa shugaba, shi kuma ya kula da marayu, gwauraye, marasa lafiya, 'yan kurkuku da baƙi.

Batun kashi goma cif, ikkilisiyoyi sun bambanta, kuma ba zan yi faɗa da kowa a kai ba. A ganina ma'auni ne mai kyau, amma manzanni ba su yanka wa Kirista adadi ba. Abin da nake riƙe da shi shi ne a ware da farko, a kai a kai, da son rai. In ka ce sai ka ga abin da ya rage, buƙata ba ta ƙarewa, ba abin da zai rage. Mai-Wa'azi ya ce mai ƙaunar kuɗi ba ya ƙoshi da kuɗi. Duk ranar da ka cire wani abu tun ba ka san yadda wata zai ƙare ba, kana koya wa zuciyarka cewa ba kai ke riƙe da ranka ba. Allah ba ya jiran kuɗinka kafin ya ci. Kai ne kake bukatar hannunka ya saba buɗewa.

Amma ka yi hankali da wani wa'azi da ya yi yawa yanzu, wai ka shuka iri za a ninka maka sau ɗari kafin wata ya mutu. Wannan haɗama ce ta yi wanka ta shigo majami'a. Wanda ya bayar don a ninka masa ciniki ya yi, kuma in ribar ba ta zo ba damuwarsa ce za ta ninka, har ya fara zargin Allah. Siman mai sihiri ya kawo kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu Mai Tsarki, ka karanta abin da Bitrus ya gaya masa a Ayyukan Manzanni 8. Bayarwa don ganin ido ma haka take. Bitrus ya gaya wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani kashi na kuɗin ya nuna kamar duka ya kawo wa manzanni, cewa gonar tasa ce, kuɗin ma yana hannunsa bayan ya sayar. Ba wanda ya tilasta shi, ƙarya ce ta kashe shi. Ba banza aka ce kwaɗayi mabuɗin wahala ba.

Kada kuma ka ce kawu ya hana tanadi. Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, da yunwa ta zo ya buɗe rumbuna aka rayu. Attajirin Luka kuwa, duk shawararsa babu kowa a ciki sai shi da ransa. Ka yi aiki, ka yi ajiya, ka ciyar da gidanka, domin Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bangaskiya muni. In ana binka bashi ka biya, kada kuma ka ci bashi don ka yi baiko. In ƙarfinka bai kai goma ba a yanzu, fara da abin da za ka iya ɗorewa a kai, ku zauna da matarka ku yanke tare.

Saura batun dare. Bulus yana kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa cewa kada su damu da komai, su kai roƙonsu ga Allah tare da godiya. A wasiƙar nan ya ce ya koyi wadar zuci, a ƙoshi ko a yunwa. In manzo sai da ya koya, kai ma ba a rana ɗaya za ka iya ba. In lissafi ya taso maka, tashi ka durƙusa, ka ambaci bukatar da sunanta, kada ka tsaya kewaye-kewaye, sannan ka ƙirga abin da aka riga aka yi maka. Ka riƙa yin addu'ar Agur da ke Karin Magana 30, inda ya roƙa kada a ba shi talauci ko dukiya, sai abin da zai ishe shi, don kada ya ƙoshi ya yi musun Allah, ko ya rasa ya yi sata. 'Yan kaɗan ne suke da ƙarfin halin yin rabin farko da na biyu duka da gaske.

In kuwa rashin barcin ya daɗe, ko ka ji ƙirjinka yana bugawa, ko abinci ya fita ranka, ka je ka ga likita. Yin haka ba rashin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta surar da na nuna maka shi kansa likita ne. Ka kuma samu fasto ko wani dattijo mai riƙon asiri ka buɗe masa cikinka.

Ka gaida mini surukata da yara. Ubangiji ya kiyaye ku.

Kawunka.