Shin Allah Yana Jin Addu'ar Zuci?

Tambaya: Baba Fasto, ina sayar da busasshen kifi a kasuwar Garwa, kuma ba na samun sararin durƙusawa, sai dai in yi addu'a a zuci. Shin Ubangiji yana ji?

Amsa: 'Yata, yana ji ƙwarai. Ki duba 1 Sama'ila 1:13, inda Hannatu take addu'a a Shilo, leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta, har Eli firist ya zaci ta bugu, alhali Allah ya ji, ya ba ta Sama'ila. Ban raina durƙuso ba, amma ko kina ƙirga canji, kunnen Ubangiji yana wurinki. Da dare kuwa, ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, yadda Yesu ya koyar a Matiyu 6:6.