Tambaya da Amsa: Jirgin da Kawu ya bari a akwati

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Kawuna ya yi aikin kanikanci a rundunar sojan sama. Bayan rasuwarsa muka tarar da wani kwali a ƙasan akwatinsa, samfurin jirgin yaƙi MiG-17 ne na roba, ma'aunin 1/72 (wato na gaskiya ya ninka shi sau 72 a tsawo da faɗi), ba a taɓa haɗa shi ba. Na tura wa wani abokina a Abuja hotonsa, ya ce tsohon yayi ne, girmansa ma ba daidai ba, sai na yi odar sabuwar kujera da tayoyi da gilashi daga waje kafin ya yi kyau. In kashe kuɗin, ko in haɗa shi haka nan?
Daga mai karatu a Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta.

Kafin ka taɓa aljihunka, ɗauko rula. MiG-17 na gaskiya faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 9.63 ne. Ka raba da 72, za ka samu santimita 13.4. Ka manna ɓarin jikin biyu da salatif, ka saka fukafukan ba tare da gam ba, ka auna. In ka ga ya wuce haka da rabin santimita ko fiye, to abokinka ya yi gaskiya a kan girman, amma shawararsa ta sayen kaya ba za ta fisshe ka ba. Kujera da gilashin da ake sayarwa daban, kowanne an yanka shi ne daidai da wani samfuri takamaimai, yawanci na zamani. In ka ɗora su a kan tsohon jiki mai ƙiba, ba za su zauna ba.

Na san wannan ne domin ya same ni. Na taɓa odar gilashin matuƙi don wani tsohon samfuri, na jira shi mako bakwai. Ranar da ya iso na ɗora shi, sai ga rata a baya wadda tsinken ashana ke shiga ya fita. Kuɗin aiko shi kaɗai ya fi kuɗin gilashin, kuma har yau yana nan cikin gwangwanin alawa a kan tebur ɗina.

Saboda haka ga ra'ayina kai tsaye: kada ka saya masa komai daga waje. In burinka jirgi ne mai kama da na gaskiya sak, kamfanin Airfix ya fitar da sabon MiG-17F a wannan ma'aunin a 2019, ka tara kuɗi ka sayi wannan. Na Kawu kuwa ka haɗa shi da hannunka, da abin da za ka samu a kasuwar Taminus ta Jos.

Fara da gilashin. Na dā kauri gare shi, kuma shekaru sun sa ya dushe. Ka ɗiga makilin kaɗan a kan tsumma mai laushi, ka riƙa murza shi a hankali, ciki da waje, minti goma, ka ɗauraye. Za ka ga ya washe. Idan za ka manna shi kada sufagulu ya kusance shi, tururinsa yana barin farin dabbare a jiki wanda ba ya fita da sauƙi. Farin gam na kafintoci ya isa, yana bushewa garau. Kujerar kuma, in ta yi kama da benci, ka yanko siraran salatif na takarda ka yi mata bel, ka shafa musu fenti. Ta bayan gilashi ba wanda zai bambance ta da ta dala goma.

Layukan da suka taso a jikin robar, ka bar su. Haka ake yin samfura a wancan zamani, kuma kankare su a sake zana su aiki ne na wanda ya daɗe a harkar. Abin da ya cancanci wahalarka shi ne shingayen nan uku da ke kan kowane fiffike, waɗanda ke bambanta shi da MiG-15 mai biyu. A tsofaffin samfura suna zuwa da kauri kamar katanga. Ka bi su da sanfefa mai laushi ta gefe biyu har su sirance. Inda ɓarin jiki ya bar tsaga, ka kwaɓa sufagulu da hoda ka cike, ka goge kafin awa ɗaya, don in ya kwana ya fi robar tauri. Kar ka manta ka cusa ƙaramin noti ko ɗan dalma a hancinsa kafin ka rufe, in ba haka ba zai zauna da wutsiya.

Sitikun cikin kwalin ina zaton sun yi rawaya. Ka gwada wanda ba ka buƙata a ruwan ɗumi; in ya farfashe, ka haƙura da su. Ai tambarin sojan samanmu da'ira ce, kore, fari, kore, buroshi siriri zai yi maka shi. Kuma shi ne ya dace da jirgin Kawu, tunda a watan Agusta na 1967, farkon yaƙin basasa, aka fara sauke MiG-17 a Kano. Ka duba hancin naka kawai: in yana da ƙullutun rada a saman bakin iska, wani nau'in ne daban, ba irin namu ba, sai ka yi masa fentin da takardar kwalin ta nuna.

Batun fenti a Jos, ka kiyayi hunturu. Ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti, sanyi kuma na jinkirta bushewarsa. Ka yi aikin da hantsi, ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, in ka gama ka kife masa roba babba har washegari.

Kwalin kuma kada ka yar. Ka ninke takardar umarnin ka mayar ciki, ka rubuta sunan Kawu da shekarun aikinsa a bayan murfin. In ka gama, turo mana hoton ta adireshin mujalla, ina so in ga yadda shingayen suka fito.