Tambaya da Amsa: Tarwada, Asabar da Zakka, Wace Doka Ce Ke Kan Kirista?

Tambaya: Baba Malam, sannu da ƙoƙari. Ni mai sayar da abinci ce a Sabon Gari, Zariya. Ƙanen maigidana ya dawo daga makaranta da sabuwar koyarwa, wai farfesun tarwadar da nake sayarwa haram ne bisa ga Littafin Firistoci, wai kuma sujadar Lahadi karya dokar Asabar ce. Fastonmu yakan ce ba ma ƙarƙashin Shari'ar Musa, amma in an zo maganar zakka sai ya buɗe Malakai sura 3, inda aka yi maganar la'ana kan masu hana zakka. Kaina ya ɗaure. Dokokin Tsohon Alkawari suna kanmu ko ba sa kanmu?

Amsa: 'Yata, sannu da aiki, Allah ya sa albarka a sana'arki. Tun ina yaro a Wusasa nake jin dattawa suna jan wannan zance a gindin bishiya bayan an tashi sujada. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin Likita Miller da abokan aikinsa, don haka iyayenmu da harshensu suka karanta Firistoci, kuma abin da ya dame ki su ma ya dame su.

Ƙanen mijinki bai ƙaga ayar ba. Firistoci sura 11 ta hana cin kifin da ba shi da ɓawo a jiki, tarwada kuwa santsi ce tun daga kai har wutsiya. Surar nan ta hana raƙumi da zomo da alade, ta halatta fara. Sai dai mu tambaya: wa aka ba wannan doka, kuma me manzanni suka yi da ita?

Amsar tana Ayyukan Manzanni sura 15. Wasu daga Yahudiya suka je Antakiya suna cewa ba ceto ga Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sai sun yi kaciya bisa ga al'adar Musa. Gardama ta yi zafi har aka tashi Bulus da Barnaba zuwa Urushalima, wajen shekara ta 49. Bitrus ya miƙe ya ce kada a ɗora wa masu bi karkiyar da su kansu Yahudawa da kakanninsu suka kasa ɗauka. Yakubu ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa mai abu huɗu: a guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura 613, amma manzanni ba su aika wa Al'ummai da su ba. Ni da ke cikin Al'ummai muke. Haɗa da Markus 7, inda Yesu ya ce abin da ke fitowa daga zuciya shi ke ƙazantar da mutum, da wahayin da Bitrus ya gani kafin ya shiga gidan Karniliyus, wanda ba Bayahude ba ne, inda aka ce masa kada ya kira abin da Allah ya tsarkake mai ƙazanta. Ci gaba da farfesunki, hankalinki kwance.

Amma kada wani ya ji haka ya ce an yar da Shari'a. Yesu da bakinsa ya ce bai zo ya shafe ta ba, ya zo ya cika ta. Ikilisiya ta daɗe tana bayyana wannan ta hanyar kasa dokokin uku. Akwai na ibada, wato hadayu da tsarkakewa da abinci da idodi. Waɗannan inuwa ce ta Almasihu, Ibraniyawa 10 ta ce hadayarsa sau ɗaya ta isa, kuma tun da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70 ko Yahudawa ba sa miƙa su. Akwai na mulkin ƙasar Isra'ila, irin hukuncin jifa da rabon gonaki. Sannan akwai na halin kirki, waɗanda Dokoki Goma suka tattara. Ƙa'ida ta 7 cikin Ƙa'idodi 39 na Angilikan, na 1571, ta ce kashi biyun farko ba su ɗaure Kirista ba, na ukun kuwa ba wanda ya kuɓuta daga gare shi. Shi ya sa tsohon littafin addu'a ya sa a karanta Dokoki Goma kafin Jibin Ubangiji, jama'a na amsawa da roƙon jinƙai bayan kowace ɗaya. Musa dai bai rarraba su haka ba, a cakuɗe suke: a Firistoci 19, aya ta 18 ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ta 19 ta hana sa riga mai zare iri biyu. Rabon taimako ne ga mai karatu, kuma a ganina taimako ne mai kyau.

Maganar Asabar ta fi wuya, domin tana cikin Dokoki Goma. 'Yan'uwanmu Adbantis, ikilisiyar da ke sujada ranar Asabar, sun riƙe ta da gaske, ba na raina su. Amma masu cewa Sarki Kustantin na Roma ne ya ƙirƙiro sujadar Lahadi a 321 sun yi kuskure. Abin da ya yi shi ne mai da ranar ta hutun gwamnati. Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi suna taruwa ranar farko ta mako, ranar da Ubangiji ya tashi daga matattu, kuma Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya yanke mana hukunci kan abinci ko idi ko Asabar. Abin da nake roƙonki shi ne hutun kansa kada ya ɓace. Dokar ta ambaci bawa da baiwa da baƙo, har da dabba. Yaran da ke miki wanke-wanke da ɗaukar ruwa, suna samun rana guda su huta?

Nan ne abin ke ci mini rai, 'yata. Mun iya faɗa kan kifi, amma Firistoci 19 ɗin nan ta ce kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka, ta ce mudu da ma'auni su zama na gaskiya, ta ce in ka girbe gonarka ka bar gefe da kala domin matalauci da baƙo. Ki shiga kasuwa ki ga mudun da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, mai shi kuwa ran Lahadi yana kujerar gaba. Na san magini da ya yi wata uku yana zarya ƙofar wani dattijon ikilisiya kan kuɗin aikinsa. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta ce wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa katanga kada wani ya faɗo. Yau yawancinmu kwano muke rufawa, amma rijiyar da aka bari a buɗe a tsakar gida mai ƙananan yara, ai hukuncinsu ɗaya. Haka Bulus ya karanta dokar da ta hana sa wa sa takunkumi yana sussuka, ya fitar da haƙƙin ma'aikaci daga cikinta. Kuma a Matiyu 5 Yesu bai sassauta ba: kisa ya kai shi har kan fushi, zina har kan kallo. Ba da kiyaye waɗannan muke samun ceto ba, ceto alheri ne ta wurin bangaskiya, amma wanda aka cece shi haka zai yi tafiya.

Game da ƙanen mijinki, bi Romawa 14. Idan lamirinsa bai yarda da tarwada ba, kada ki sa masa a kwano, kada ki yi masa ba'a. Shi ma kada ya hukunta ki. Da yawa cikinmu Kiristocin Hausa ba ma cin alade, saboda tarbiyya da kuma 'yan'uwanmu Musulmi da muke cin tuwo kwano ɗaya da su a biki da suna. Wannan zumunci ne, yana da kyau, ba sharaɗin ceto ba ne.

Sai zakka. Malakai da Isra'ila yake magana, lokacin da Lawiyawa, ƙabilar da ke hidimar Haikali, ke rayuwa kan ushiri domin ba a ba su gādon ƙasa ba. Sabon Alkawari bai yanka wa Kirista adadi ba. 2 Korintiyawa 9:7 ta ce kowa ya bayar yadda ya ƙudura a zuciyarsa, ba da tilas ba. Ni ina fitar da kashi ɗaya cikin goma, ina kuma ba ki shawara ki yi, domin fasto yana da iyali kuma aikin bishara na cin kuɗi. Amma tsoratar da gwauruwa da la'ana don ta kasa kawowa, wannan ban yarda da shi ba, Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a. Ki sami fastonku shi kaɗai, cikin ladabi, ku buɗe Maimaitawar Shari'a 14:28-29 tare, inda aka ce ushirin kowace shekara ta uku a tara shi cikin gari domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. Ki tambaye shi nawa ne daga cikin zakkar ikilisiyarku ke isa hannun waɗannan.