Shan bitamin D da juna biyu: me yake yi wa jariri?

Tambaya: Likita, cikina wata biyar ne. A wajen awo an rubuta mini bitamin D, amma wasu sun ce mini hasken rana kaɗai ya wadatar. Yana da amfani ga abin da ke cikina?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Ki sha kamar yadda aka rubuta miki.

Ɗan da ke ciki ba ya samun bitamin D sai ta mabiyiya, daga jininki. Bitamin ɗin ne ke sa hanji ya tsotsi kalsiyum, sinadarin da ake gina ƙashi da shi. Kafin haihuwa jariri yakan tara kusan giram 30 na kalsiyum, galibi a watanni ukun ƙarshe. Idan bitamin ɗin uwa ya yi ƙasa sosai, za a iya haifar ɗa mai taushin ƙoƙon kai, ko kalsiyum ya faɗi a jininsa har ya riƙa jijjiga, daga baya kuma ƙafa ta lanƙwashe in ya fara tafiya. Abin da ya fi damuna shi ne duk wannan ana iya kauce masa da ƙwaya ɗaya a rana.

Maganar rana akwai gaskiya a ciki, fata ce ke ƙera yawancin bitamin ɗin. Sai dai mai duhun fata tana buƙatar daɗewa a rana fiye da mai haske, kuma wadda ke wuni a ɗaki ko ta rufe jiki duka kaɗan take samu. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta wannan aikin. Kifi mai maiƙo da gwaiduwar ƙwai na taimakawa, amma ba su cika isa ba.

Kada dai ki ɗauka maganin girma ne. A wani gwaji da aka yi wa mata 1,300 a Bangaladash, wanda aka buga a 2018, bitamin ya ƙaru a jinin iyaye da jarirai, amma tsawon yaran a shekara ɗaya bai bambanta da na waɗanda iyayensu ba su sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ce kowace mai ciki ta sha ba, ta fi karkata ga masu ƙarancinsa. Hukumomin Birtaniya kuwa sun ce kowacce ta sha maikrogiram 10 kullum, wato IU 400 a ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalba. Kada ki haura IU 4,000 sai da umarnin likita, domin yawansa na tara kalsiyum ya taɓa ƙoda. Ki guji man hantar kifi, bitamin A da ke cikinsa na iya cutar da ciki.

Bayan haihuwa ki tambayi likita game da ɗigon bitamin D na jarirai, domin nono, duk da falalarsa, ba shi da bitamin ɗin da yawa.