Amosanin gaɓɓai mai kumburi: wace nas ce ta cancanci kuɗinku?

Tambaya: Assalamu alaikum. A asibitin koyarwa an gano mahaifiyarmu tana da amosanin gaɓɓai mai kumburi. Yatsunta sun fara karkacewa, da asuba ko buta ba ta iya riƙewa. Akwai wata malamar asibiti a layinmu da take zuwa ta yi mata allura duk lokacin da ciwon ya motsa, kuma nan take take samun sauƙi. Yayyena sun ce mu yanka mata albashi duk wata, mu huta da jigilar asibiti. Me kuka gani? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam. Allah ya ba Mama lafiya, ku kuma ya saka muku da alheri. Kada ku bar asibiti. Kafin ma a kai ga zancen albashi, ki tambayi malamar abin da ke cikin sirinjin, ki kuma sa ta rubuta miki sunansa a takarda.

Ciwon Mama daban yake da ciwon gwiwa na tsufa, wanda guringuntsi ne ke cinyewa saboda shekaru da nauyi. A nata, garkuwar jiki ce ke kai wa rufin gaɓɓai hari, shi ya sa yake kama hannu biyu a tare, ya sandarar da yatsu da safe har awa guda ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke fama da shi, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne. Matsalar ita ce ɓarnar tana iya ci gaba a cikin gaɓa ko da an kashe zogin. Yatsan da ya riga ya karkace kuwa magani ba ya miƙe shi.

Allurar da ke kwantar da ciwo nan take yawanci dikulofenak ce ko deksametason, wani lokaci ma a haɗa su. Ta farko idan ta yawaita tana jawo gyambon ciki, tana taɓa ƙoda, tana ɗaga hawan jini. Ta biyu tana kumbura fuska, ta tayar da ciwon suga, ta rarake ƙashi har ya karye da ɗan tuntuɓe. Likita kan ba da irinsu da kansa, amma da awo da wa'adi. In har Mama ta daɗe tana karɓar deksametason, kada a yanke mata shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. A kai maganar gaban likita ya rage shi a hankali.

Ba ina cewa ba ku buƙatar nas ba ne. Kuna buƙata ƙwarai, sai dai don wani aiki daban. Ƙungiyar masana wannan ciwo ta Turai, EULAR, ta fitar da shawarwari kan aikin ma'aikatan jinya a 2012, ta sabunta su a 2018. Jigonsu shi ne mai ciwon ya samu nas da zai riƙa komawa wurinta tsawon jinyarsa: ta koya masa ciwon da maganinsa, ta bibiyi gwaje-gwajensa, ta saurari damuwarsa, ya kuma iya samunta a waya idan abu ya taso. A Ingila akwai asibitocin da nas ce ke ganin irin waɗannan majinyata tsakanin ranakun likita, da lambar waya ta musamman. Mu da ƙwararrun likitocin gaɓɓai 'yan ƙalilan ne, galibinsu kuma a manyan asibitocin koyarwa, mun fi su buƙatar wannan. Likita zai ga Mama na 'yan mintuna bayan wata biyu ko uku. Sauran kwanakin fa, wa ke sa ido?

To, ki gwada malamar da wannan ma'auni. Tana da lasisin Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, kuma bai ƙare ba? Ba rashin kunya ba ne ki nemi gani, don a unguwa duk mai farar riga ana ce mata nas. Ta taɓa neman ganin katin asibitin Mama da takardun gwajinta? Idan ta zo, tana latsa gaɓɓan ta ƙirga waɗanda suka kumbura, ta auna hawan jini, ta rubuta a littafin da za ku tafi da shi ranar ganin likita? Ta taɓa ce muku wannan ya fi ƙarfina, ku tafi asibiti? Wadda ta taɓa faɗin haka ku riƙe ta da kyau.

Batun kuɗi kuma, ni ban ga dalilin albashin wata ba. Wanka da sa tufafi da dafa ruwan ɗumi aikin 'ya'ya ne, ko mai taimako da nas ta nuna wa yadda ake ɗaga majinyaci ba a ja shi ta yatsu ba. Ku biya nas kuɗin kowace ziyara, sau ɗaya ko biyu a wata. Ku fara ware kuɗin magani da gwajin jini, sannan na mota zuwa asibiti, abin da ya saura shi ne na ziyarar gida.

Tambaya: Uwargidana likita ya ɗora ta a kan maganin metotireksat saboda amosanin gaɓɓai mai kumburi, yau sati uku ba mu ga canji ba. Mai kemis ɗinmu ya ce yana da haɗi mai arha da ke aiki cikin kwana ɗaya. Mu canza? Sannan muna son ƙarin haihuwa. Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: Malam, sati uku ya yi kaɗan. Wannan magani kan ɗauki sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, saboda wutar ciwon yake ragewa daga tushe. Haɗin kemis kuwa, in ka zazzage ƙullin, da wuya ka rasa firednisolon ko deksametason tare da maganin kashe zogi biyu ko uku. Zai yi aiki cikin kwana ɗaya kamar yadda ya faɗa, gaɓɓan kuma su ci gaba da lalacewa. Haka nake zargin duk wani tsimi ko garin gargajiya da ke ɗauke kumburi cikin dare ɗaya, domin an sha samun ana zuba waɗannan ƙwayoyi a ciki.

Ga abin da ya kamata nas ta zaunar da ku ta faɗa tun ranar farko. Metotireksat sau ɗaya ake sha a SATI. Mutane sun rasa rayukansu saboda sun sha shi kullum bisa kuskure. Ku zaɓi rana guda, ku rubuta ta da babban rubutu a jikin kwalin. Ƙwayar tana zuwa da ƙarfi iri-iri, kamar miligiram 2.5 da miligiram 10, don haka duk lokacin da aka canza muku kamfani ku duba lambar kafin ku ƙirga ƙwayoyi, ku kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ana haɗa shi da folik asid, wanda ake sha a wata rana daban. Ana gwajin jini da na hanta da na ƙoda akai-akai a watannin farko, daga baya a tsawaita tazara. Kuɗin gwajin nan ɓangare ne na kuɗin maganin. Duk wanda ba zai iya biyan gwajin ba, sai ya gaya wa likita gaskiya a nemi wata hanya. Kada kowa ya ba ta Septrin tana kan wannan magani, haɗuwarsu tana iya durƙusar da ɓargo. In ta ga gyambo a baki, ko zazzaɓi, ko sabon tari da sarƙewar numfashi, ko ido ya yi rawaya, ta dakata da sha ta nufi asibiti a ranar.

Maganar haihuwa ita ce ta fi gaggawa a wasiƙarka. Metotireksat yana zubar da ciki, yana nakasa ɗan tayi, kuma ba a shayarwa a kansa. Dole a yi tazarar haihuwa muddin tana sha, sannan a dakatar da shi da tazara kafin a nemi ciki. Wannan ba ya nufin ta haƙura da haihuwa, akwai magunguna irin su haidiroksikulorokwin da salfasalazin da likitoci ke amfani da su ga masu ciki. Mata da yawa suna jin nauyin buɗe wannan zance gaban likita namiji ga layi a waje. Ka raka ta, ka bar ta ta keɓe da nas mace tukuna.

Tambaya: Ƙanina da ke ƙasar waje zai aiko min da sabuwar allurar nan da ake yi a ƙarƙashin fata. In karɓa? Daga wani Alhaji a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, allurai irin su adalimumab da etanasef suna aiki sosai ga wanda ƙwayoyin farko suka gaza masa, amma ba tsaraba ba ce. Suna son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga can har gidanka, kuma in suka daskare sun lalace. Yi lissafin wutar unguwarku. Kafin a fara dole a yi gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B, saboda allurar tana iya tayar da wanda ke kwance a jiki, kuma dukansu ba baƙi ba ne a ƙasashenmu. Sannan ka tambayi ƙanin naka ko zai iya ɗaukar nauyin shekara da shekaru, don ba kwali ɗaya ba ne. In likitanka ya amince, nas ce za ta koya maka yin allurar a cinya ko a ciki, da canza wuri kowane karo, da dakatawa idan zazzaɓi ya kama ka.

Tambaya: Ana tallan awarwaron jan ƙarfe da na maganaɗisu da injin tausa. Wanne zan saya wa Inna? Daga wata ɗaliba a Kano.

Amsa: Ko ɗaya, 'yata. An gwada awarwaron, bai fi wanda babu komai a cikinsa ba, injin tausa kuma yana iya ƙara wa gaɓa mai kumburi zafi. Sayi kujerar bayan gida ta zama don ta huta da tsugunno, da kujera mai hannu da za ta yi sallah a kai ta kuma dafa ta miƙe, da butar roba mara nauyi. Ki naɗe mariƙin cokali da na ludayi da tsumma su yi kauri, wannan kyauta ne. Da hunturu ki tanadar mata ruwan ɗumi a fulas ta jiƙa hannu kafin alwalar asuba. Takalmin wuyan hannu kuwa, wato abin da ake ɗaurawa ya tallafi gaɓar, kada ki saya a kasuwa da ka, ki kai ta sashen gashin ƙashi na asibiti a auna mata. In wani ya kawo shawarar ƙaho ko tsaga a kan gaɓar, ki fara tambayar nas ɗinta, saboda magungunan da ke rage garkuwar jiki suna sa ɗan rauni ya yi saurin ruɓewa.